Lambun Surukina na Cikin Ruwa

Da 'yata ta uku ta haihu, ni aka ɗauko daga Kwali zuwa Gwarinpa in yi mata wankan jego. A da mai jego ce ke komawa gidan iyayenta, amma ita ma'aikaciyar gwamnati ce, mijinta ma haka, asibitinsu kuma yana kusa da su, sai aka ce uwar ta zo. Na ɗaure kanwa da surfaffen gero da ganyen darbejiya, na shiga mota.

Ranar da na shiga falon gidan sai na tsaya da kayana a hannu. A jikin bango akwai akwatin gilashi bisa wata kabad, tsawonsa ya kai dardumar salla, cike da ruwa garau kamar babu komai a ciki. A cikin ruwan kuwa lambu ne. Ba zane ba, ba roba ba, lambu mai rai. Akwai wata ciyawa gajeruwa da ta shimfiɗe ƙasa kamar sabon tsiron shinkafa, akwai masu dogon ganye da ke kaɗawa ba tare da iska ba, akwai wasu jajaye kamar lalle ya kama, ga wani kututturen ice da gansakuka ta lulluɓe. Kifaye ƙanana, ba su kai ɗan yatsana ba, masu layin shuɗi da ja a gefe, suna tafiya tare, suna juyawa tare, sai ka ce zuciya ɗaya gare su. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah. Ni da na san kifi a miya kawai.

'Yata ta ce shekara uku mijinta yana renon abin nan. Injiniyan ruwa ne a wata ma'aikata, amma ta ce a ofis takarda kawai yake gani. Mahaifinsa mai lambun fadama ne, bayan rasuwarsa ne ya sayo gilashin. In ya dawo aiki, kafin ya ci abinci sai ya ja kujera ya zauna a gabansa.

Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta surukai. In ya yi sallama na shige ɗaki. Da safe ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" in amsa daga bayan labule. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. In ina da magana da shi sai in gaya wa 'yata, in yana da ita haka. Shekara shida da aurensu, haka muke, kuma ba wanda ya ga laifin hakan.

Bayan suna, da baƙi suka watse, ina shara na buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin gilashin. Sai ga tukunyar gas. Doguwa, siririya, da agogo biyu a kanta, ga wani siririn tiyo ya fita ya hau cikin ruwan. A tsakiyar tiyon akwai 'yar kwalba mai ruwa, ƙwayar iska na tashi a cikinta ɗaya bayan ɗaya.

Na je na tarar da mai jego tana gyangyaɗi da jariri a ƙirji. Na ce, "Ke, mene ne wancan a ƙarƙashin kifi?"

Ta ce, "Gas ne, Inna. Na ciyayin ne, abincinsu ke nan." Ta koma barcinta.

A unguwarmu a Kwali akwai wata maƙwabciyata da ta bar tukunyar gas a buɗe, da asuba ta ƙyasta ashana. Ta rayu, amma na ga hannunta, ni na riƙa sa mata magani. Tun daga ranar ba na barin tukunya a buɗe bayan an gama girki, ko a gidan wa nake. Yanzu ga wata a falo, taku goma daga ɗakin jariri.

Na lura da ita kwana biyu. Na ga da hantsi wani abu yakan yi ƙas a cikin kabad, iskar ta fara tashi. Bayan magariba ya sake yin ƙas, ta tsaya, can kuma fitilar gilashin ta mutu da kanta. Sai na ce a raina, ashe da dare ciyayin ba sa ci, amma bawan Allah yana barin tukunyar a buɗe har gari ya waye. Mantuwa ce ta maza. Ba zan aika 'yata ta gaya wa mijinta ya yi sakaci a gidansa ba. Gyarawa zan yi shiru, yadda uwa ke gyara wa yara abu ba sai sun sani ba.

Da ya fita sallar isha sai na durƙusa. Babban marfin da ke kan tukunyar ya yi wa hannuna tauri, ina da sanyin ƙashi. Amma kusa da tiyon akwai wani ɗan ƙaramin famfo mai taushi kamar na murɗa rediyo. Na murɗa shi har ya tsaya. Da asuba, yana masallaci, in na kunna wutar ruwan wanka sai in zo in buɗe shi daidai yadda hannuna ya tuna. Haka na riƙa yi kullum, ina jin daɗi a raina cewa ina tsare gida.

A kusurwar gilashin, cikin ruwa, akwai wata 'yar kwalba kamar ta turare da ruwa mai launi. Da na zo kore ne, irin koren ɗanyen lemun tsami. Sai ya fara sauyawa. Yau shuɗi, gobe rawaya kamar ɗorawa, jibi shuɗi kuma. Ni har sha'awa yake ba ni, na ɗauka ado ne. Daga bayan labule nake jin surukina yana cewa, "Ikon Allah. Jiya na daidaita shi fa." 'Yata ta bayyana mini daga baya: shuɗi na nufin iskar ta yi kaɗan, ciyayi na jin yunwa, rawaya na nufin ta yi yawa, kifaye za su shaƙe, kore shi ne daidai.

Mutumin nan ya sha wahala. Ya kaɗa ruwan sabulu a kofi ya bi duk mahaɗar tiyo yana shafawa, yana duba inda kumfa za ta taso. Bai ga yoyo ba. Ya sauya tiyon. Ya ciro ɗan farin dutsen da ke farfasa iskar a cikin ruwa ya jiƙa ya wanke. Ya ce ko ɗauke wuta ne ke rikita agogon da ke kunnawa da kashewa, ya sayo mai batir. Ya ce ko ruwan rijiyar burtsatse ne ya sauya, ya auna da wasu ɗigo-ɗigon magani. Kowace yamma ya zauna da waya a hannu yana ƙirga ƙwayoyin iskar, ya taɓa ɗan famfon, ya jira, ya sake ƙirgawa. Ni ban taɓa ganin wannan da idona ba, ina ɗaki. Abin da ya iso kunnena kawai shi ne gas ɗin na ba da matsala. Sai na ƙara cewa a raina, ka gani, gara da nake rufewa.

Lambun ya fara lalacewa. Jajayen ganyen suka koɗe. Wata baƙar gansakuka kamar gemun bunsuru ta fito a bakin ganyaye da jikin kututturen. Ciyawar ƙasa ta fara yin rawaya tana tumɓukewa tana yawo a saman ruwa.

Ana haka zazzaɓi ya kwantar da ni ranar Talata da Laraba. Ko tsakar gida ban fita ba, mai jego da kanta ta dafa ruwanta. Daren Laraba na ɗan ji sauƙi, na lallaɓa na rufe famfon, da asuba na buɗe. Ina jin hannuna bai gama dawowa daidai ba. Ranar Alhamis da azahar na fito na ga kifayen duka sun taru a saman ruwa, bakunansu a buɗe, suna haki kamar kaji a zafin bazara. 'Yata ta kira mijinta a waya, ya ce ta zare wayar wutar gas ɗin ta riƙa kwarfar ruwan da kofi tana zubawa daga sama. Muka yi ta yi, ni da ita, jariri na kuka a kan kujera. Duk da haka biyar suka mutu. Da ya dawo ya tsamo su ɗaya-ɗaya ya jera a takarda. Ranar bai ci tuwo ba.

Ranar Asabar ya kira wanda ke sayar masa da kifi, wani mutumin Filato mai yawan raha. Ina kicin ina dama kunun kanwa, ina jin su. Mutumin ya kwance kan tukunyar, ya hura, ya mayar, ya duba agogunan.

Ya ce, "Oga, wannan abu ba ta da ciwo ko ɗaya. Lafiyarta ƙalau, ta fi ni lafiya."

Surukina ya ce, "To me ke sauya ta?"

"Hannu, oga. Akwai hannu. Wannan ƙaramin famfo, ko gashi ɗaya ka juya, iska ta ninka. Yara nawa a gidan?"

"Ɗaya. Kwanansa ashirin da uku."

Mutumin ya fashe da dariya. "To sai dai in shi ne, ya fara injiniya da wuri kamar babansa. Ko madam na kishi da kifi?"

'Yata ta ce daga ɗaki, "Ni da ko tsuguno ba na iyawa? A kai ƙarata gaba."

Aka yi dariya. Ludayi na motsi a tukunya, maganar hannu ta shiga kunnena ta dama ta fita ta hagu. Ni a wajena ba taɓawa nake yi ba, rufewa nake in mayar yadda na samu. Wanda ake nema mai wasa da abu ne, ni kuwa ba wasa nake ba. Allah Ya gani, har addu'a na yi a gano ko wane ne.

Bayan kwana uku gidan ya yi shiru. Surukina ya daina zama a gaban gilashin. Ya zare wayar gas ɗin gaba ɗaya. Gaisuwar safe dai tana nan, har ya ƙara da tambayar jikina. Ranar Laraba ina fyaɗa wa 'yata ganye a banɗaki sai na ga tana share ido. Na ce ruwan ne ya yi zafi? Ta ce a'a. Ta ce mijinta ya ce ranar Asabar mai kifin zai zo da mota ya kwashe komai, gilashin da ciyayin da sauran kifayen. Wai yanzu da jariri ba shi da lokaci.

Ta ce, "Ƙarya yake, Inna. Na san shi. Abin nan ne kaɗai yake kallo ya saki fuska. Na tambaye shi dalili ya ce in bar maganar."

Da ta kwanta sai na je falo na zauna a ƙasa gaban kabad ɗin, na buɗe. A bayan ƙofar ya manna wata takarda, na sha ganinta ban kula ba. Turanci ne, ban iya ba. Amma na yi ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da wani abu, an koya mana lamba da kwanan wata. Na sa yatsa ina bi a hankali. Kowace rana da lambarta a gefe, ƙirgar ƙwayoyin iskar da yake yi. Goma sha biyu. Ɗari da ashirin. Bakwai. Tamanin da biyar. Babu biyu da suka yi kama. Sai na iso wasu kwanaki biyu a jere: sittin da huɗu, sittin da huɗu. Ya zagaye su da jan biro, ya sa alamar tambaya. Na lissafa da yatsu na koma baya. Talata da Laraba. Kwanakin da nake kwance.

Na dubi ɗan famfon. Akwai wani siririn farin layi da aka ja daga kansa zuwa jikin ƙarfen. Ranar Lahadi na fara ganinsa, na ɗauka datti ne, har na sa bakin zane na goga bai fita ba. Yanzu rabin layin na kallon gabas, rabin na kallon kudu.

Na daɗe a zaune. Kifaye biyar ɗin suka dawo mini a jere a takarda. Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne layin. Surukina ne ya ja shi don ya ga ko ana taɓa famfon, ke nan tun ranar Litinin ya sani. Matarsa ba ta tsuguno, jariri jariri ne, saura mutum ɗaya a gidan. Ya sani, kuma ya zaɓi ya ba da aikin shekara uku a kan ya aika a tambayi uwar matarsa ko ita ce. Ko matar bai gaya wa ba, don kada ta ji nauyi. Na aurar da 'ya'ya huɗu, na ga kunya iri-iri, ban taɓa ganin irin wannan ba.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na ce, "Tashi, ina da magana. Hannun nan da ake nema, ga shi." Na miƙa mata.

Ta dube ni, ta dubi hannun. Na gaya mata komai, tun daga ranar shara. Ta fashe da dariya. Sai ta kama ciki.

"Wayyo ɗinkina! Inna, kada ki kashe ni. Ke ce? Mutum ya sauya tiyo, ya sauya agogo, ya zargi rijiya, ashe Hajiya ce ke sintiri!"

Na ce, "Dariya ma kike yi? Rai biyar fa."

Ta ce, "Yi haƙuri," tana share hawaye, dariyar ba ta tsaya ba. "To me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Na tambaye ki. Kika ce gas ne, kika yi barci."

Da yamma aka yi zama irin namu. Ni a bakin ƙofar ɗaki, labule ya rufe rabina. Shi a ƙasa kan kafet, ya tanƙwashe ƙafa, yana kallon matarsa. Ita a kujera a tsakani. Na ce ta gaya masa ya yafe mini, tsoron gobara ne ya sa. Bai bari ta maimaita ba.

Ya ce, "Ki gaya wa Inna babu laifinta ko kaɗan. Ni ne na ajiye tukunya a falo ban yi bayani ba. Ki gaya mata kuma wannan iskar ba ta kamawa da wuta. Da ita ma ake kashe gobara. Jan tulun nan da ake ratayewa a bango a ofisoshi, wani irinsa ita ce a ciki. A wajen masu cika shi nake cika wannan."

Na manta da 'yar aike, na ce, "Kashe gobara?"

Ya ce wa kafet, "Ƙwarai, Inna."

Sati uku ina tsare gida daga abin kashe wuta. 'Yata ta cusa fuska a filo.

Ya ci gaba, a hankali, kamar mai karanta wasiƙa. Ya ce sunanta iskar kabon. Ita ce ke tashi a kwalbar lemo in an buɗe. Ita ce kuma muke fitarwa duk numfashin da muka sauke, ni da shi da jaririn. Ganye kuwa ita yake ci in haske ya sauka a kansa. Ya ce abin da ke kashe lambun ba yawanta ba ne kawai ko ƙarancinta, rashin tsayawa wuri ɗaya ne. Tsiro yakan shirya jikinsa bisa abin da ya samu jiya, in yau ya tarar da wani abu daban sai ya rikice, baƙar gansakukar nan ta samu ƙofa. Na ce a raina, yaro ma haka yake.

Sai na ce wa 'yata, "Tambaye shi, in an bar famfon ya huta, lambun zai tashi?"

Ya dubi gilashin. Ya ce wasu za su tashi, jajayen dai da wuya.

Na ce, "To ki ce masa ni ban yarda a zo da motar nan ba. In kuma yana so, tunda yana ofis da rana, ni zan riƙa ƙirga masa. Ba zan taɓa ba, ido kawai."

Ranar Asabar mai kifin ya zo da motarsa da bokitai. Surukina ya tare shi a ƙofa ya ce an fasa.

"Oga, an kama hannun?"

"An gano matsalar. Daga wajena take."

Mutumin ya leƙo, ya gan ni ina tsince wake a tire, ya ce, "Mama, sannu da aiki." Na ce yawwa, ban ɗago ba. Ya bar mana wasu 'yan jatan lande masu cin gansakuka, ya tafi.

Gyaran sai a hankali. Surukina ya yanke ganyen da suka mutu da almakashi, ya sauya rabin ruwan. Famfon kuwa sau ɗaya yake taɓa shi a yini, taɓawar da ido ba ya gani, sannan ya jira har gobe. Ni kuma bayan azahar sai in shimfiɗa ɗankwali a gaban kabad in ɗauko carbina. 'Yata ta riƙe waya ta ce, "Fara." Kowace ƙwayar iska, ƙwayar carbi ɗaya. In ta ce "Tsaya" ina gab da cika talatin da uku sau biyu, to daidai ne. In rubuta lambar da kaina a ƙarƙashin rubutunsa. 'Yar kwalbar ta koma kore ta zauna. Jajayen ba su dawo ba, ya tumɓuke su. Amma a tsakiyar ciyawar ƙasa sabbin kawuna suka fara leƙowa.

Ana saura kwana biyu mu yi arba'in, ranar Lahadi da la'asar, ina zaune a gaban gilashin sai na ga wani abu. A ƙarƙashin kowane ganye akwai 'yan ƙwayoyi kamar an yayyafa azurfa. Daga bakin wani ganye da aka yanke, wasu ƙanana suna tashi a jere kamar zare, ba yankewa. Na duba tiyon, ba daga can suke ba. Daga jikin ganyen suke fitowa. Na tsorata, na ce ko na sake yin wata ɓarnar da ido.

Ban ji shigowarsa ba. Da na farga yana tsaye a ɗaya ƙarshen gilashin, ya dawo daga masallaci. Na yunƙura zan tashi, amma idona ya ƙi barin ruwan.

Ya ce, "Ganyayen ne suka ƙoshi, Inna. In sun ci waccan iskar sai su mayar da wadda muke shaƙa. Ita ce wannan. Rabon da in ga haka tun kafin haihuwa."

Na ce, "Waɗannan na ruwa kaɗai ke yi?"

"Kowane ɗanyen ganye na duniya yana yi. A cikin ruwa ne kawai ake iya gani."

Na tuna gonata a Kwali, kuɓewa da masara da ramar bayan ɗaki. Shekara hamsin ina sunkuye a tsakaninsu da fartanya, suna ba ni abin da nake shaƙa, ina ba su abin da suke ci, ba wanda ya taɓa gaya mini. Na ce Allahu Akbar a hankali. Shi ma ya ce. Muka tsaya a haka, shi a can ni a nan, har jaririn ya farka ya nemi mutane.